Wasika: Dan Allah a daina fasa auren 'ya'yan mutane saboda AS

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya hakuri damu. Dan Allah ka bani fili a jaridar nan in amayar da wani abu da ya dade yana cina a rai, kuma kayi hakuri wasikar zatayi dan tsawo, tsohon malamin makaranta ne ni, mu kuwa idan muka dauki alli bamu san ajiyewa ba.

Bayan kakar da ta wuce aka fasa auren 'yar kanina. An kawo kudin gaisuwa, an sa rana, har kanin nawa ya sayar da ridinsa ya kaiwa kafinta kudin gado, sai akace aje ayi gwajin jini tunda yanzu wasu limaman namu basa daura aure sai sunga takarda, musamman tun da gwamnatin Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024 abin ya bazu har wajenmu. Toh wannan abu ne mai kyau ni banida ja. Aka je aka dawo, yaron AA yarinyar AS, wato shi bai gaji sikila ba, ita kuma ta gaji S din sikila ta bangare daya kawai. Ma'aikacin lafiyar ma da bakinsa yace musu ba matsala kuje ku sha biki. Amma uwar yaron tana jin harafin S din nan tace ina, jinin sikila garesu, ita bazata hada iri dasu ba, kuma duk wanda yasan kauye yasan idan uwar miji ta kafe to shikenan sai dai hakuri. Kwana uku da faruwar abin yarinyar tazo ta sameni a zaure ina gyaran rediyo, ta durkusa ta gaisheni, tayi shiru can tace Baffa wai ni mara lafiya ce ban sani ba? Yarinyar da ko ranar daya bata taba kwanciya a asibiti ba, ita ke surfe ita ke daka ita ke debo ruwa a tuka-tuka.

Wannan tambayar tata ce tasa na zauna na dinga karatu a waya, wani tsohon dalibina dake jami'a yana turo min rubuce-rubuce ina bi a hankali da tabarau, anan naci karo da tarihin wani bature masanin gadon halitta mai suna Anthony Allison, kuma labarin aikinsa nake so masu karatu suji dan shi ya amsa tambayar yarinyar nan tun kafin a haifi ubanta.

An haifeshi a 1925 a Afirka ta Kudu amma a Kenya ya tashi a gonar babansa, kuma shi kansa zazzabin cizon sauro ya taba kayar dashi yana yaro. Yayi karatu a Johannesburg daga nan ya wuce Oxford a Ingila. A 1949 ya biyo wata tawagar daliban Oxford zuwa Dutsen Kenya, sauran kowa da abinda ya kaishi, shi kuma aikinsa ya dinga bin kabilu yana dibar jini yana duba rukuninsa dan a gane dangantakar dake tsakaninsu, a cikin haka yake gwada jinin sikila. Sai yaga wani abin mamaki. Mutanen bakin teku da na gefen tafkin Biktoriya, inda ake da damshi da sauro, sama da mutum 20 cikin 100 suna dauke da S din nan. Mutanen kan tsauni kuwa inda sanyi ya hana sauro sakat, ko 1 cikin 100 basu kai ba. Kuma abin bai bi yare ko kabila ba, kasa yabi.

A nan ne kwakwalwarsa tayi aiki, kuma manomi zai fi kowa saurin gane tambayar da yayi wa kansa. Idan kana da irin gero da duk shekara wani kaso nasa yake mutuwa tun kafin ya fidda kai, ai bayan wasu shekaru irin nan zai kare a rumbu da kansa ba sai ka tsince shi ba. A wancan zamanin yaran da aka haifa SS, wato masu ciwon sikila da suka gaji S ta uwa da uba, kusan duk rasuwa suke tun suna kanana basu kai ga aure ba balle su haifa, kenan duk yaron da ya rasu ya tafi da S guda biyu kabari. Toh me yasa S din bai kare ba? Me yasa ma yayi yawa haka a wasu wurare? Dole akwai wani abu dake rike dashi, wato akwai wata riba da mai S guda daya yake samu wadda mai AA baya samu. Sai ya zargi maleriya.

Gaskiya ba shi kadai ya taba kawo irin wannan tunani ba, a 1949 din dai wani babban masani J.B.S. Haldane ya fadi makamancin haka akan wata cutar jini ta mutanen gabar tekun Bahar Rum, amma fada daban nunawa daban. Allison ya koma ya karasa karatun likitanci, a 1953 ya dawo Gabashin Afirka ya shafe watanni yana yawo da madubin likita. A Uganda ya duba jinin kananan yara yaga masu AS basu cika samun kwayar maleriya ba kamar sauran, idan ma sun samu bata yin yawa a jininsu. A Nairobi kuma akayi wani gwaji da har yanzu idan na tuna sai jikina yayi sanyi, manya 30 aka sawa kwayar maleriya da gangan, 15 masu AS 15 marasa shi. Cikin marasa shi 14 suka kamu, cikin masu AS kuwa mutum 2 kacal. An basu magani daga baya, amma ni dai a raina nace Allah kadai yasan ko an yi musu bayanin da suka fahimta kafin su mika hannu, zamanin mulkin mallaka ne fa. Sannan ya gwada mutane wajen 5,000 a Kenya da Uganda da Tanganyika (cikin Tanzaniya ta yanzu), ya dora taswirar S akan taswirar maleriya sai gasu sun hau juna. A 1954 ya buga sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya yana dan shekara 28.

Ga yadda abin yake a takaice. Kowa yana gado biyu ne, daya daga uwa daya daga uba. A cikin jajayen kwayoyin jini akwai wani sinadari mai daukar iska ana ce masa himogulobin, to S din nan canji ne guda daya tak a jikinsa, wani masani Vernon Ingram ya gano wurin a Cambridge wajen 1956 zuwa 1957. Wanda ya gaji S ta bangare biyu, idan iska tayi karanci a jininsa sai kwayar ta lankwashe kamar lauje, kai kalmar sikila din ma asalinta lauje take nufi a turance, sai ta makale a kananan jijiyoyi, ciwon kashin nan da yaro zai kwana yana ihu kenan. Kuma kwayar jinin lafiyayye tana kai kwana 120 amma tasu 10 zuwa 20 ta mutu, shiyasa kullum jini baya isarsu ido yayi rawaya. Wanda ya gaji S daya da A daya kuwa lafiyarsa kalau, sannan idan kwayar maleriya ta shiga jininsa bata jin dadin zama. Binciken da akayi daga baya a Kilifi ta Kenya ya nuna yaro mai AS yana samun kariyar kusan kashi 90 cikin 100 daga maleriya mai tsanani, irin mai sankarar da yaro ko ta shanye masa jini. A lura fa, mai AS yana yin zazzabi, kar wani yaje ya yar da gidan sauro yace malam yace, kisan ne zazzabin bai cika yi masa ba.

Nasan wasu da sunji wannan bayanin zasu ce maganar sauyin halitta ce su daga hanci suce ga masu cewa mutum daga biri yake. Ni ba wannan ce ta kawoni ba. Maganar da nake yi kirge ce, waye ya rayu waye ya rasu, kuma Allah da ya halicci cuta shi ya halicci sababin kariya, ya sanya shi a inda yaga dama. Makiyayi ma yasan shanun kudu gajerun nan suna jure sammore a inda farar saniyarmu bazata kai labari ba, ba wanda yace masa yayi sabo.

Yanzu Malam Edita ga inda abin ya tabani ni kaina. Ina dan firamare a farkon shekarun 1970 wasu mutane suka dinga zuwa kauyukanmu na kasar Garki da Landiroba, turawa da 'yan kasa, mu dai masu sauro muke ce musu. Zasu shiga daki da sassafe su shimfida farin kyalle a kasa har kan gado, su rufe kofa da taga su fesa magani, bayan dan lokaci su nade kyallen su fito waje su tsuguna suna tsince sauro daya bayan daya da dan karfe suna kirgawa, mu yara muna kewaye dasu muna dariya wai manya da wandon kaki suna farautar sauro. Da daddare kuma wasu samari zasu zauna su nade wando zuwa gwiwa da tocila a hannu suna jiran sauro ya sauka su zuke shi da wani dan bututu. Mu kuma a jera mu a gindin bishiya a soki dan yatsa a shafa jinin a gilashi a rubuta lamba. Kakata Allah ya jikanta boye ni take a bayan rumbu tace jinin jikanta ba na sayarwa bane.

Sai yanzu da furfura na san menene. Aikin Garki ne, na Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnati, daga 1969 zuwa 1976, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano tunda sai 1991 aka yanki Jigawa. So suke su gani ko feshin daki da raba magani ga kowa zai iya katse maleriya a irin kasarmu. Zazzabin ya ragu sosai lokacin da ake yi amma bai katse ba, da aka daina ya dawo. Rahoton ya fito a 1980 kuma har gobe masana maleriya na duniya suna ambaton sunan Garki. A cikin aikin wani farfesan jini na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, Alan Fleming, shi da abokan aikinsa suka duba jinin sikila suka buga a 1979. Abinda suka samu: cikin jarirai sabbin haihuwa kusan 24 cikin 100 AS ne, amma cikin wadanda suka haura shekara biyar kusan 29 cikin 100. Jarirai SS kuwa kusan 2 cikin 100, amma idan ka duba manya kusan babu su kwata-kwata.

Dan Allah mai karatu ka tsaya akan lambobin nan kadan. Ba wanda yake canjawa daga AA ya koma AS bayan an haifeshi. To ya akayi 24 ta zama 29? Saboda kafin shekara biyar zazzabi ya kwashi 'yan AA fiye da 'yan AS, amosanin jini kuma ya kwashe 'yan SS, wadanda suka rage sai kason AS ya karu a cikinsu. Wato abinda Allison ya fada a Kenya a 1954 shine aka kirga a kauyukanmu da jinin yatsunmu. Sa'o'ina ne wadannan lambobin. Kuma da na karanta sai na tuna matan da ake cewa suna wabi, ta haifa ya koma ta haifa ya koma, har a sawa yaro Ajuji ko Ayashe ko a kai shi bola a dauko wai ko mutuwa zata raina shi ta barshi. Ni zargina da yawa daga cikinsu ita AS mijin AS ne, ga kuma zazzabi, amma ita kadai ake dorawa, wata ma har a saketa ta auri wani ta haifi 'ya'ya rayayyu ace ai an karya abin.

Abinda yake bani haushi shine shekara hamsin kenan ba wanda ya dawo ya tara mu a kofar dagaci yace ga abinda muka gani a jininku. Sunan garinmu yana cikin littattafai a Turai mu kuma muna nan muna fasa aure akan jahilcin abin.

Bari inyi lissafin allo tunda sana'ata ce. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne. Idan ana aure ba gwaji, damar miji da mata su hadu duk AS itace 1 cikin 16. Irin wannan auren kuma kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ya zo SS. Ka buga 16 sau 4 ya baka 64, kenan jariri 1 cikin 64, ka ga ya kusa 2 cikin 100 din da aka samu a Garki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a kasar nan, ba kasar da ta kaimu. Kuma 1 cikin 4 din nan kowane ciki sabon lale ne, ba wai idan na fari yazo SS ukun da zasu biyo baya sun tsira ba, nasan gidan da uku a jere suka zo da shi, nasan kuma wanda Allah ya tsallakar dasu duka. Auren zumunci da muke yawan yi shima yana kara damar haduwar, dan idan kaka daya ce ta bada S din to 'ya'yan wa da kani zasu iya dauka su duka.

To amma AA da AS fa, irin na 'yar kanina? Mijin bashida S din da zai bayar, dan haka ta wannan hanyar ba SS, kowane da ko AA ko AS. Abinda za'a kiyaye shine AS da AS, AS da SS, sai kuma masu C, wani canjin himogulobin din daban da S, dan AS da AC suna iya haifar SC wanda shima ciwo ne duk da C din bai cika yawa a wajenmu ba kamar kasar Yarbawa da Ghana. Idan kuwa akace duk mai AS baza'a aureta ba to rubu'in 'yan matan garin nan za'a ajiye a daki, da rubu'in samarin, kuma ita uwar yaron da ta kafe ba mamaki a cikin 'ya'yan cikinta akwai AS tunda ita bata taba gwadawa ba.

Wani abin kuma mutane suna hada jinotayif, wato su AA da AS din nan, da rukunin jini, sai kaji mutum yace ni O ne bani da matsala, alhali hanyar jirgi daban ta mota daban. Sannan gwajin kansa sai an kula. Dan makwabcina a wani dakin gwaji na kudi akace masa AA, bayan shekara biyu aka sake a wani wurin akace AS, yanzu wanne zai kama? Wasu kuma takardar kawai suke saya dan kar a rabasu da masoyiya, ranar da yaro ya fara kumburin hannu da kafa yana wata shida sai a fara kuka. Indai gwamnati zata ce dole ayi gwaji to dole ita ma ta sa ido akan masu yinsa, ta kuma kawo shi kusa, ba sai mutum ya hau mota zuwa Gumel ko Ringim ko Dutse ba. Kuma a dinga yi tun yara suna makaranta, ba sai an sa rana an dinka anko ba sannan azo ana raba zukata.

Su kuma 'yan uwanmu masu SS a daina yi musu kallon gawa. Lissafin Garki na zamanin da ba kulawa ne. Yanzu da rigakafi, da folik asid, da maganin kariyar zazzabi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da rufe jiki lokacin hunturu, da maganin hydroxyurea ga wanda likita ya dorashi akai, suna girma suna karatu suna aure suna haihuwa. Na koyar da wata, duk sanyi sai tayi sati biyu bata zo ba amma ita ke daukar na daya a lissafi.

Shi Allison din bai tsaya a sikila ba. A Oxford yayi aiki da wani ba'amurke Baruch Blumberg wanda yazo Najeriya a 1957 dibar jini, su biyun suka dinga bin bambance-bambancen jinin al'ummomi, kuma wannan hanyar ce daga baya ta kai Blumberg ga gano kwayar cutar hanta nau'in B har ya samu kyautar Nobel a 1976. Ka ga ikon Allah, gwaji biyu cikin wadanda ake yiwa masu aure a Kano yanzu, jinotayif da ciwon hanta, duk akwai sawun mutumin nan a tarihinsu. Yayi shekaru yana binciken garkuwar jiki a Landan, ya koma Nairobi wata cibiyar binciken cututtukan dabbobi, a 1981 ya tafi wani kamfanin magani a Kalifoniya inda shi da matarsa Elsie Eugui suka samar da maganin CellCept da aka amince dashi a 1995, wanda ake bawa wanda akayi wa dashen koda dan kar jiki yaki karbarta. Mu da ciwon koda ya addabi 'yan uwanmu na yankin Hadejia ba sai an fada mana darajar wannan ba. Ya rasu a 2014 yana da shekara 88, shi bai samu Nobel din ba.

Rokona ga jami'o'inmu, Bayero da ta tarayya dake Dutse da ta jiha dake Kafin Hausa, ku turo dalibanku su dawo kauyukan nan na Garki su sake kirgawa. Yanzu da ake raba gidan sauro ana bawa yara 'yan kasa da shekara biyar maganin kariya duk damina, shin 24 din nan har yanzu tana komawa 29 ko tazarar ta ragu? Yara SS nawa ne suke kaiwa shekara goma? Wasu daga cikin wadanda aka soki yatsunsu muna nan da rai zamu nuna muku gindin bishiyar da aka jera mu, amma wannan karon idan kun gama ku dawo ku fada mana da Hausa. Kai ma Malam Edita ka turo wakilinka, hanya ba laifi idan ba damina ba.

'Yar kanin nawa kuwa na zaunar da ita na zana mata akwati hudu a kasa da tsinke, A da A a sama, A da S a gefe, nace ta cike da kanta. Ta cike ta duba ta sake dubawa tace Baffa ai babu SS a ciki. Nace babu. Tace to a kaiwa babarsa ta gani mana. Nace mata zan gwada, kuma na aika a nema min iso wajen mijin matar ranar kasuwa mai zuwa.

Nagode da bani fili, Allah ya kara daukaka.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
daga karamar hukumar Garki, Jihar Jigawa.